Fashin baƙi: Su wa ke cikin jirgin yaƙin da rediyo ke cewa ya kakkaɓo makamai a Bahar Maliya?

Daga ƙarshen shekarar 2023, an ɗauki watanni da wuya mako ya wuce gidajen rediyo ba su ce jirgin ruwan yaƙin Amurka ko na Ingila ya kakkaɓo makamai masu linzami da ƴan Huthi na Yaman ke harbowa a Bahar Maliya ba. A fadarmu ta Zango, nan cikin Damagaram, inda muke haɗuwa kan shayi bayan isha'i, labarin ya sha tada gardama. Wani matashi ɗan kabu-kabu ya rantse cewa jirgin nan gari ne sukutum a kan ruwa, har da filin saukar jiragen sama a bayansa. Wani dattijo da ya yi shekaru yana jigilar kaya daga Kwatano ya ajiye kofinsa ya ce: "Kai yaro, wancan daban ne. Ni tambayata guda ce, mutanen da ke ciki a ina suke kwana, kuma wane ruwa suke sha?"

Aka kwashe da dariya, don mutumin Damagaram ko labarin duniyar wata aka kawo masa, sai ya fara tambayar ruwa. Amma tambayar Alhaji ta fi ta kowa ma'ana. Rediyo kan ce "jirgi ya harbo", kamar ƙarfe ne ke yanke shawara. A cikin ƙarfen nan akwai mutum wajen ɗari uku, da yawansu ba su girmi samarin fadarmu ba. Wane irin jirgi ne wannan, yaya ake rayuwa a cikinsa, kuma ina ruwan wanda ke zaune a ƙasar da ba ta da ko taku ɗaya na gaɓar teku?

Wane iri ne a cikin jiragen yaƙi?

Hausa ta yi wa jiragen yaƙin teku kuɗin goro, duka suna ɗaya, daga nan ruɗanin ya samo tushe. Wanda ɗan kabu-kabu ke nufi shi ne mai ɗaukar jiragen sama. Na Amurka tsawonsa ya haura mita 330, kuma mutum kusan dubu biyar ke cikinsa. Akwai mai nutso ƙarƙashin ruwa. Akwai firget, matsakaici, irin Aradu da Nijeriya ta saya daga Jamus a farkon shekarun 1980. Wanda aka fi ambata a labaran Bahar Maliya kuwa shi ne wanda Turawa ke kira distiroya, ma'ana mai hallakarwa. Faransawa, da yake ba sa son bin sahun kowa, ko nasu manyan ma firget suke ce musu, alhali harafin D ne a jikinsu.

Sunan yana da tarihi. A 1866 wani injiniya Bature, Robert Whitehead, ya ƙera tofido, bam mai tafiya da kansa a cikin ruwa. Nan da nan aka gane cewa ƙaramin jirgi mai arha zai iya lallaɓowa ya nutsar da ƙaton da aka yi shekaru ana ginawa. Sai aka ƙirƙiro wani jirgin mai gudu da ƙananan bindigogi don ya farauci waɗannan ƙananan. Havock da Hornet na Ingila, na shekarar 1893, suna cikin na farko. Cikakken sunansu "mai hallaka jiragen tofido", daga baya aka gutsure shi.

Duk wanda ya san labarin ayarin fatake da ke tashi daga Damagaram zuwa Tarabulus a zamanin da, ko ya ga yadda soji ke raka kamiyoyin kaya daga Lome ta Burkina, ya riga ya gane aikin distiroya. Ɗan rakiya ne, yana gaba ko gefe, kuma idan hari ya zo shi ake so ya fara cin karo da shi.

Na zamanin yau da Amurka ta fi dogara da su ana ce musu ajin Arleigh Burke. Na farkonsu ya fara aiki a 1991, yanzu sun haura 70. Tsawon kowane kusan mita 155, wato filin ƙwallo ɗaya da rabi, faɗi mita 20, nauyi wajen tan dubu tara. Injina huɗu irin na jirgin sama ke tura shi, yana iya wuce kilomita 55 a awa. A ƙarƙashin dandamalinsa akwai ramuka 90 zuwa 96, kowane da makami mai linzami a tsaye. Sin na da nata mafi girma, masu ramuka 112.

Gado, ruwa da tukunya

Mu koma ga tambayar Alhaji. Mita 155 kamar da yawa, amma mafi yawan wurin injina ne, da tankunan mai, da rumbun makamai, da na'urori. Abin da ya rage shi mutane ke rabawa. Ƙaramin sojan ruwa yana kwana a ɗaki ɗaya da mutum gommai, a gadajen ƙarfe hawa uku. Tsakanin katifarka da gadon da ke samanka kusan rabin mita ne, ba ka iya zama a miƙe. Idan ka ɗaga katifar, ƙarƙashinta akwai akwati marar zurfi, a nan tufafinka da duk abin da ka mallaka za su zauna har wata shida ko fiye. Labule ɗaya ne sirrinka. Da dare jar fitila ake kunnawa, don kada ta tashi masu barci, kuma kada idon wanda zai fita gadi ya rikice a duhu. Kwamanda ne ke da ɗaki nasa na sosai, shi ma ba barcin kirki yake samu ba, don ana tashinsa kan kowane abu.

Ruwan sha kuwa daga tekun ake samo shi. Akwai na'urar da ke matsa ruwan gishiri da ƙarfi ta cikin wata matata mai tsananin laushi, gishirin ya tsaya, ruwan daɗi ya wuce. Amma abin da take bayarwa a yini yana da iyaka, kuma kicin da wanki da wasu injina duk suna jiran rabonsu. Shi ya sa aka san sojan ruwa da irin nasa wankan: ka buɗe famfo ka jiƙa jiki, ka rufe, ka shafa sabulu, ka sake buɗewa ka ɗauraye, cikin minti biyu ka fito. Idan na'urar ta lalace sai a sa wa ruwa lokaci, a rufe wurin wanka sai awa kaza. Da na faɗi wannan a fada, Alhaji ya ce ashe ba su fi mu ba, mu da muke kwana muna sauraron famfo a watan bazara, muna jiran mai ga-ruwa da bidunansa. Gaskiyarsa. Bambancin kawai su ruwa ya kewaye su ta ko'ina, amma ba na sha ba.

Ana dafa abinci sau huɗu a yini, na huɗun da tsakar dare saboda masu canjin gadi. Makon farko bayan barin tasha akwai ganye da ƴaƴan itace da madara. Idan tafiya ta yi tsawo sai a koma kan na gwangwani da na firji. Giya haramun ce a jiragen yaƙin Amurka tun 1914. Mata na aiki a cikinsu tun 1994, da nasu ɗakin kwana daban.

Mai da abinci sukan iso ne a tsakiyar teku. Jirgin dakon kaya ya jera da distiroya, tazararsu wajen mita 50, dukansu suna tafiya, a harba igiya daga wannan zuwa wancan, a ja wayar ƙarfe, a zuro tiyon mai, a turo kwalayen abinci da wasiƙu suna reto a kan igiyar ruwa. Ka ƙaddara kamiyo biyu suna gudu kafaɗa da kafaɗa a hanyar Tanut, ana juye gazuwal daga ɗaya zuwa ɗaya ba tare da an tsaya ba. Saboda wannan dabara jirgi na iya daɗewa bai ga ƙasa ba. A 2020, lokacin korona, distiroya mai suna Stout ya yi kwana 215 a jere bai shiga tasha ba.

Wani malami a fadar ya tambayi yadda Musulmin da ke ciki ke gane alƙibla, tunda jirgin na juyawa. Wannan ma ba sabuwar mas'ala ba ce, malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayanin sallar cikin jirgin ruwa, kuma a jirgin da ke cike da na'urorin sanin kusurwa, neman gabas shi ne mafi sauƙin abin da zai dame shi.

Gadi, tsatsa da rashin barci

Abin da mutane suka fi jahilta shi ne yadda yini ke tafiya idan ba a yaƙi. Ba zaman jiran yaƙi ake yi ba. Ruwan gishiri na cin ƙarfe dare da rana, don haka kankare tsatsa da shafa fenti aiki ne da ba ya ƙarewa. Ka gama gaba, baya ya sake yin ja. Kowane famfo, kowace ƙofa, kowace waya tana da ranar dubawa a rubuce. Ana shara sau da yawa a yini. Sannan ga atisaye: na gobara, na ɓullar ruwa, na mutum ya faɗa teku.

A kan wannan duka ake ɗora gadi. Jirgi ba ya tsayawa da dare, dole a samu masu tuƙi a sama, masu kula da injina a ƙasa, da masu zura wa allon rada ido a wani ɗaki mai duhu da sanyi a tsakiyar jirgin. Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne awa biyar kana gadi, awa goma kana "hutu". Sai dai a cikin goman nan ne za ka yi aikinka na yau da kullum, ka ci abinci, ka yi atisaye, ka yi barci. Kuma da yake idan ka haɗa biyar da goma awa sha biyar ne, ba ashirin da huɗu ba, lokacin barcinka kullum canzawa yake: yau da hantsi, gobe da tsakar dare, jibi da la'asar. Duk direban da ya taɓa yin Damagaram zuwa Yamai ya juyo ba hutu ya san abin da wannan ke yi wa ido da hankali.

Shekarar 2017 ce ta tona asirin. Ranar 17 ga Yuni, wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare, distiroya Fitzgerald ya yi karo da wani jirgin kwantena kusa da Japan. Hancin jirgin kayan da ke ƙarƙashin ruwa ya huda daidai wani ɗakin kwana. Mutum 35 ke ciki. Ruwa ya cika ɗakin kafin a yi minti biyu, 28 suka kuɓuta ta tsani cikin duhu, bakwai suka rasu. Wata biyu bayan haka, 21 ga Agusta, John S. McCain ya yi karo da jirgin dakon mai kusa da Singafo, mutum goma suka mutu, su ma a ɗakin kwanansu. Ba wanda ya harba ko harsashi ɗaya. Bincike ya nuna gajiya, da ƙarancin horo, da ruɗewa kan na'urar tuƙi ta allon taɓawa. Masu binciken gwamnatin Amurka sun ce akwai sojan ruwan da ke aiki sama da awa 100 a mako, a makon da duka-duka awa 168 ne. Daga nan aka ba da umarnin a koma tsarin gadin da zai bar mutum ya riƙa barci a lokaci guda kowace rana, aka kuma yanke shawarar mayar da wasu abubuwan tuƙi na hannu.

Teku ita kanta abokiyar gaba ce. A Disamban 1944 wata guguwa a tekun Fasifik ta kifar da distiroya uku na Amurka, Hull da Monaghan da Spence, mutum kusan 790 suka halaka.

Ba duk aikin lokacin lafiya ne baƙin labari ba. Akwai ceton waɗanda jirginsu ya nutse, da ziyarar tashoshin ƙasashe, da korar ƴan fashin teku. A Afrilun 2009 daga kan distiroya Bainbridge aka kuɓutar da kyaftin ɗin wani jirgin kaya, Richard Phillips, daga hannun ƴan fashin Somaliya.

Idan ƙararrawa ta buga

Da zarar an yi shelar shirin yaƙi, kowa na da wurinsa, har mai dafa abinci da mai aski. Akwai ƙa'idar gudu don kada a yi karo a lungunan jirgin: mai zuwa gaba ko sama ya bi dama, mai zuwa baya ko ƙasa ya bi hagu. Cikin ƴan mintuna an kulle ƙofofin ƙarfe duka, jirgin ya rabu ɗaki-ɗaki, ta yadda idan ruwa ya shiga ɗaya ba zai wuce na gaba ba. Ma'anar wannan mai ɗaci ce: wata rana za a iya rufe ƙofa alhali akwai sauran mutum a ciki, don a tsirar da saura.

Distiroya ba shi da kaurin sulke. A Yaƙin Duniya na Biyu sojan ruwan Amurka da kansu "gwangwani" suke kiransa. Ranar 25 ga Oktoban 1944, kusa da tsibirin Samar na Filifin, distiroya Johnston na Amurka ƙarƙashin kwamanda Ernest Evans ya tunkari rundunar manyan jiragen Japan da suka ninka shi nauyi sau da yawa, don ya ba jiragen da yake rakiya damar tserewa. An nutsar da shi, 186 daga cikin mutum 327 suka mutu, sai a 2021 aka tabbatar da gawar jirgin a zurfin sama da mita 6,400.

Yaƙin yau ya fi wancan sauri. A 1967 ƙananan jiragen Masar suka nutsar da distiroya Eilat na Isra'ila da makamai masu linzami, mutum 47 suka mutu, duniya ta farga. A 4 ga Mayun 1982, a yaƙin tsibiran Falkland, jirgin saman Ajantina ya harba wa distiroya Sheffield na Ingila makamin Exocet ƙirar Faransa. Irin wannan makami na tafiya dab da ruwa, kuma tazarar Damagaram zuwa Mirya, kusan kilomita 18, cikin minti ɗaya yake cinye ta. Ya fasa babban bututun ruwan kashe gobara, hayaƙi ya turnuƙe jirgin, mutum 20 suka mutu, bayan kwana shida ya nutse. Shi ya sa ake horar da kowane sojan ruwa, ko mene ne aikinsa, ya zama ɗan kwana-kwana. Abin da ya ceci distiroya Cole na Amurka ke nan a Oktoban 2000, lokacin da wani ƙaramin kwale-kwale maƙare da bam ya fasa shi a tashar Aden ta Yaman. Mutum 17 suka mutu, sauran suka yi kwanaki suna kwashe ruwa da toshe ɓaraka cikin zafi da duhu, jirgin bai nutse ba, ya koma aiki a 2002.

To, da rediyo ta ce distiroya Carney na Amurka ya harbo makamai masu linzami huɗu da jirage marasa matuƙi 15 a ranar 19 ga Oktoban 2023, abin da ba ta faɗa ba shi ne awa tara zuwa goma aka yi ana wannan. Matasa ne zaune gaban allo, suna duban ɗigo mai motsi, suna da daƙiƙoƙi kaɗan su tantance ko makami ne ko jirgin fasinja. Gobe kuma a koma kankare tsatsa, da kunne a buɗe.

Ɓangarorin gardamar

Ƴan Huthi na Yaman sun ce suna kai wa jirage hari ne don goyon bayan mutanen Gaza. Amurka da Ingila sun ce suna kare hanyar kasuwancin duniya. A fadarmu mafi yawa zuciyarsu na tare da Gaza, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Amma abu biyu ya kamata a riƙe tare. Distiroya ba garkuwa kaɗai ba ne: daga ramukan nan nasa ake harba makaman Tomahawk zuwa cikin ƙasa, kamar yadda aka yi wa Yaman daga Janairun 2024, kuma a inda suke sauka akwai mutane. A ɗaya gefen, waɗanda suka mutu a jirgin kaya True Confidence a Maris ɗin 2024 ma'aikata ne uku masu neman abinci, ba soji ba.

Akwai kuma gardamar lissafi, wadda ni ta fi ba ni mamaki. Makamin kariya guda na iya cin dala miliyan biyu, sama da sefa miliyar ɗaya, ana harba shi kan jirgi marar matuƙi da bai kai kuɗin mota mai kyau ba. Masu kare tsarin suna cewa ba da farashin abin da aka harbo ake aunawa ba, da farashin abin da zai faɗa wa: jirgin dala biliyan biyu da rayuka ɗari uku. Masu suka suna cewa ba aljihun da zai jure haka har abada. Ga wani rauni kuma: idan ramukan suka ƙare, a al'ada sai jirgin ya bar fagen daga ya koma tasha a sake loda masa. Wato tsohuwar matsalar da ta haifi distiroya, ƙarami mai arha yana barazana ga babba mai tsada, ita ce ta dawo masa ta sama.

Ina ruwan Damagaram?

Bahar Maliya ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu da suka tafi hajji a ƙasa ta Sudan, a Sawakin suke shiga jirgi su tsallaka ta zuwa Jidda. Kafin hare-haren ƴan Huthi, wajen kashi 12 cikin ɗari na kasuwancin duniya kan bi ta mashigin Suwez da ke haɗa ta da Bahar Rum. Da hare-hare suka tsananta, manyan kamfanonin kwantena suka koma zagayowa ta kudancin Afirka, ƙarin kwana goma ko fiye. Masar ta ce ta yi asarar kusan dala biliyan bakwai na kuɗin mashigin a 2024.

Sai dai a yi hattara da masu ɗora wa teku kowane laifi. Kaya da yawa da ke zuwa Lome daga Sin dama can ta kudancin Afirka suke biyowa, ba a canza musu hanya ba. Abin da ya taɓa mu shi ne, da jirage suka daɗe a hanya sai suka yi ƙaranci, kuɗin dako da na inshora suka tashi a ko'ina, ɗan kasuwa kuma ya ƙara a kan kwalin kayansa. Amma tsadar da aka gani a Kasuwar Dole a waccan shekara, babban kasonta daga kusa ya fito: takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, da rufe iyakar Benin, da doguwar hanyar Burkina. Idan mai shago ya ce maka ƴan Huthi ne suka tada farashin gero, ka tambaye shi ta wane teku geron Matamai ke biyowa.

Inda teku ta fi shafarmu yanzu shi ne man fetur. Matatar SORAZ da ke arewa da gari, wadda aka buɗe a 2011, tana tace ganga dubu 20 a rana don amfanin gida da maƙwabta. Amma ɗanyen man Agadem yana bin bututun kusan kilomita dubu biyu zuwa Seme a gaɓar Benin, inda jirgin dako na farko ya yi lodi a Mayun 2024. Daga nan kuɗin da baitulmalin Nijar ke jira suna kan ruwa, a cikin jirgin da ba namu ba, a hanyar da ba mu da ko kwale-kwale ɗaya da zai raka shi. A tekun Gini, inda fashin teku ya yi ƙamari a shekarun baya, ƙananan jiragen sintiri na Nijeriya da maƙwabtanta ne ke tsaron hanyar, ba distiroya ba.